Yadda Ake Bibiyar Ruwan Ƙaramin Dam da Hoton Tauraron Ɗan'adam

A ƙarshen Oktoba babu mai damuwa da dam. Ya cika ya tumbatsa, yara suna iyo a gefe, masu bulo sun kafa rumfa, shanu suna sha suna komawa kiwo. Sai Maris ya shigo, rana ta buɗe, a wayi gari ruwa ya ja baya ya bar laka tana tsattsagewa kamar ƙafa mai faso. A nan ne ake fara nuna wa juna yatsa. Masu lambu su ce shanu ne, makiyaya su ce injinan ban-ruwa ne, mata da yara kuma su ɗauki jarkoki su nufi inda ba su saba zuwa ba. Duk wanda ya taɓa yin bazara a ƙasar Dukku ko Kwami ya san abin da nake faɗa. A wuraren nan ruwan ƙarƙashin ƙasa yana da nisa ƙwarai, rijiya ba ta cim masa da sauƙi, saboda haka tabki da ƙaramin dam su ke riƙe mutum da dabba har damina ta dawo.

Manyan madatsu irin Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola, ko Gubi mai shayar da garin Bauchi, suna da ma'aikatan da ke lura da su. Ƙananan kuwa, waɗanda katafila ta tara wa ƙasa a bakin kwari, yawanci babu mai auna su. Ga yadda mutum ɗaya, da waya ko laftof, da littafi, da 'yan sandunan ƙarfe, zai iya sanin tun a Disamba ko ruwan garinsu zai kai Yuni ko zai yanke a Afrilu.

Abin da tauraron ke gani

Tauraron da za mu yi aiki da shi sunansa Sentinel-2, na shirin Copernicus na Tarayyar Turai. An harba na farko a 2015, na biyu a 2017, na uku a 2024. Suna shawagi a nisan kilomita 786, suna bi ta kanmu da hantsi, tsakanin goma da rabi zuwa sha ɗaya, kuma yawanci kowane kwana biyar ana samun sabon hoton wuri ɗaya. Hotunan kyauta ne, kuɗin data kawai za ka kashe.

Hoton ɗigo-ɗigo ne. Kowane ɗigo yana wakiltar fili mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi, wato murabba'in mita 100, kuma ɗigo 100 hekta ɗaya ke nan. Daga nan za ka gane iyakar aikin. Dam mai hekta biyar ɗigo 500 ne, ana iya auna shi da kyau. Kududdufin da bai kai hekta ɗaya ba, kusan rabin ɗigonsa suna bakin gaɓa ne, rabi ruwa rabi laka, awonsa ba abin dogaro ba ne. Irin wannan gara ka zagaye shi da ƙafa.

Na taɓa nuna wa wani Jauro hoton dam ɗin garinsu a waya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To yaro, daga can sama ana ganin zurfinsa?" Na ce, "A'a, ranka ya daɗe, faɗinsa kawai ake gani." Ya ce, "Ai faranti ma yana da faɗi." Wannan magana tasa ita ce ginshiƙin aikin gaba ɗaya. Tauraro zai ba ka faɗi duk kwana biyar. Zurfi kuwa sai ka je da ƙafarka, kuma yawan ruwa ba ya fitowa sai an haɗa biyun.

Mataki na farko: nemo dam ɗin a taswira

Je ka tsaya a kan bangon dam, ka buɗe Google Maps, ka danna inda kake tsaye ka riƙe. Lambobi biyu za su fito. A Gombe da gabashin Bauchi za ka ga na farko a wajen 10, na biyu a wajen 10 ko 11, kowanne da ɗigo da wasu lambobi a bayansa. Rubuta su duka a shafin farko na littafinka, kada ka yanke ko ɗaya.

Sai ka shiga dandalin Copernicus Browser, ka yi rajista da imel, ka zuba lambobin nan a wurin bincike. Waya tana yi, amma zana iyaka da yatsa a ƙaramin allo akwai wahala. In akwai laftof ko a aro ne, ya fi.

Mataki na biyu: zaɓar hoto mai kyau

Zaɓi Sentinel-2 L2A, domin shi ne wanda aka riga aka rage masa dishi-dishin iska da ƙura. Akwai wurin da za ka ƙayyade yawan girgijen da ka yarda da shi, ka sa kamar kashi 20 cikin 100. Kalanda za ta nuna maka ranakun da ke da hoto.

Kafin komai, buɗe hoton launin ainihi ka kalle shi da ido. Girgije ɗan ƙarami da ya tsaya daidai kan dam ya ɓata hoton, ko da sauran wurin tas yake, inuwarsa kuma baƙa ce, tana iya shiga lissafi a matsayin ruwa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu kan sa hoto ya yi fari-fari kamar an yayyafa masa toka. In ka ga haka ka tsallake, bayan kwana biyar wani na zuwa. Sa'armu ita ce lokacin da muka fi bukatar hoton, daga Nuwamba zuwa Afrilu, shi ne lokacin da sama ta fi washewa.

Hoton da ya fi kowanne daraja shi ne na farkon da ya fito tas bayan ɗaukewar ruwa, a Oktoba ko farkon Nuwamba, dam yana cike. Daga shi za ka auna duk na baya.

Mataki na uku: ware ruwa daga tudu

Kyamarar tauraron tana ɗaukar haske zango-zango, har da wanda ido ba ya gani. Ruwa yana mayar da ɗan koren haske, amma yana shanye hasken infared, wanda ido ba ya gani, kusan gaba ɗaya. Ganye da busasshiyar ƙasa kuwa suna mayar da infared sosai. To in aka ɗebe infared daga kore, aka raba da jimillar biyun, ruwa zai ba da lamba sama da sifili, tudu ya ba da ƙasa da sifili. Wannan lissafi shi ake kira NDWI, wani mai bincike mai suna McFeeters ya fito da shi a 1996, kuma a Sentinel-2 zangon kore shi ne B3, na infared B8. Yana nan a jerin zaɓin da ke gefen allo, dannawa kawai za ka yi, ruwa ya fito shuɗi.

Sai dai ruwan dam ɗinmu ba garai-garai yake ba. Ja ne ko ruwan ƙasa, musamman bayan shanu sun dama shi, kuma ruwa mai laka yana mayar da infared fiye da ruwa mai tsabta. A farkon fara aikina na sha faɗawa wannan rami: hoto ya nuna mini dam ya ragu da kusan rabi cikin mako biyu, hankalina ya tashi, na hau babur na je, na tarar da ruwa na nan, dagulewa kawai ya yi. Maganin wannan shi ne ɗan'uwansa MNDWI, wanda wani mai bincike mai suna Xu ya kawo a 2006. Lissafin ɗaya ne, sai dai a maimakon B8 ana sa B11, zangon da ko ruwa mai laka yana shanye shi. Shiga inda aka rubuta Custom, ka zaɓi Index, ka sa B3 a gurbin farko, B11 a na biyu. Ɗigon B11 mita 20 ne, don haka bakin ruwan ba zai fito da kaifi kamar na B8 ba. Ni dai a kan dam mai jan ruwa na fi amincewa da shi, kuma nakan buɗe biyun in kwatanta.

Akwai abin da duk biyun ba sa iya yi. In bado ko kainuwa ko kacala sun rufe wani sashe, tauraro ganye yake gani, sai ya lissafa wurin a tudu alhali ruwa ne a ƙarƙashi. Haka kuma dajin da aka ƙona, da inuwar dutse, da ɗanyar baƙar laka da ruwa bai daɗe da janyewa daga kanta ba, duk suna iya rikiɗa su yi kama da ruwa. Wanda ya san wurin da ƙafarsa ba zai ruɗu ba, kuma shi ya sa ɗan gari ya fi baƙo iya wannan aiki ko da baƙon ya fi shi karatu.

Batun iyaka kuma, wato lambar da ke raba ruwa da tudu: sifili mafari ne kawai. A wani dam ɗin iyakar da ta dace tana ɗan sama, a wani tana ɗan ƙasa. Ga yadda za ka gano taka. Duba ranar hoton ƙarshe a kalanda, ka ƙara kwana biyar, ranar ce tauraro zai sake wucewa. Ran nan da hantsi ka buɗe manhajar auna gona a wayarka, irin wadda ake zagaye gona da ita ta faɗi hekta nawa ce, ka bi bakin ruwan daidai inda ya taɓa ƙasa har ka dawo inda ka fara. In hoton ya fito, ka riƙa matsar da iyakar har faɗin da ke allo ya yi kusa da wanda ƙafarka ta auna. Rubuta lambar nan, ka tsaya a kanta duk shekara. In yau ka yi aiki da wata iyaka gobe da wata, canjin da za ka gani naka ne, ba na ruwa ba.

Mataki na huɗu: auna faɗi

Hanya mai sauƙi ita ce alamar zana fili da ke gefen taswira. Bi bakin shuɗin nan ɗigo bayan ɗigo har ka rufe zanen, za a nuna maka faɗinsa. In a murabba'in kilomita ya fito, ninka da 100 ka samu hekta: 0.086 hekta 8.6 ke nan. Zana sau biyu ka ɗauki tsakiya. In zanen biyu sun bambanta da yawa, hannunka ne bai zauna ba, sake.

Mai laftof da ke bibiyar dam da yawa, kamar ma'aikacin gona na ƙaramar hukuma ko ɗalibin da ke rubuta aikin kammala karatu a Gombe ko Kashere ko Bauchi, ya sauke hoton ya buɗe a QGIS, manhaja ce ta kyauta. Ya yanke iya kewayen dam, ya sa ta ware ɗigon da suka haura iyaka, ta ƙirga su, ya raba da 100 in ɗigon na mita 10 ne. Abu biyu zai kiyaye. Taswirar ta kasance a tsarin UTM shiyya ta 32 ta arewa, domin awo ya fito a mita. Sannan in ɗanyen fayil ya sauke, ya sani tun Janairun 2022 ana ƙara 1,000 a kan lambobin kowane ɗigo, sai an cire kafin lissafi, in ba haka ba lissafin zai karkace.

Mataki na biyar: zurfi, aikin ƙafa

Wannan ne mataki mai gumi, kuma shi mutane suka fi tsallakewa.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen bazara, ruwa ya ja baya sosai. Samo bututun ƙarfe uku ko huɗu, kowanne kamar mita ɗaya da rabi, a yi musu fenti ja da fari, kowane launi santimita 10. A kafa su da siminti a jere daga bakin mafitar da ruwa ke tumbatsa ta nan, a gangara zuwa wuri mafi zurfi, kamar matakala, yadda in ruwa ya sauka daga ƙasan wannan zai kama saman na gaba. Don daidaita su ba sai an ɗauko safiyo ba. Kira magini da tiyon nan nasa mai ruwa a ciki, wanda yake fitar da lebur ɗin gini da shi, aikin yini ɗaya ne. Leɓen mafitar shi ne sifilinka, duk awo daga shi zai riƙa sauka: yau ruwa yana ƙasa da leɓe da santimita 30, wata mai zuwa da 60. Zaɓi gefen da shanu ba sa sauka, don za su soshe jiki da sandar su karkatar da ita, kuma ka sanar da mai unguwa da Arɗo kafin ka kafa, kada a wayi gari an tuge an kai wa masu gwangwan.

In dam yana cike ne kuma ba ka son jiran bazara, nemi Sarkin Ruwa ya ba ka kwalekwale da wanda ya iya tuƙi. Ɗaura dutse mai faɗi a igiya mai ƙulli kowane rabin mita, ku ratsa dam ɗin layi-layi kuna saki kuna rubutawa. Wuri mafi zurfi kusan kullum yana kusa da bango, a kan tsohuwar hanyar rafi. Dutsen ya zama mai faɗi don kada ya nutse cikin laka ya ƙara maka zurfin da babu. Kada ka shiga da ƙafa kana dogara gora. Lakar dam tana riƙe mutum, kuma ruwan da ke kwance irin wannan gidan tsargiya ne.

Bayan an kafa sandunan, a samu mutum ɗaya amintacce da ke kusa, ko mai lambu ko malamin firamare, ya riƙa ɗaukar hoton sandar da waya duk ranar da tauraro zai wuce ya turo maka. A littafi ka ja layi biyar: kwanan wata, faɗi a hekta, karatun sanda, yanayin hoto, da abin da ya faru a makon, misali baƙin shanu sun sauka ko an ƙara inji.

Mataki na shida: daga faɗi zuwa yawan ruwa

Ana auna ruwan dam da mita kubik. Guda ɗaya lita 1,000 ne, jarka 40 ke nan mai cin lita 25.

Ƙaramin dam ba kamar tanki yake ba, kamar akushi yake da aka jingine: zurfi a wajen bango, yana tashi a hankali zuwa baya da gefuna. Saboda haka ƙiyasin farko shi ne faɗi sau zurfi mafi yawa, a raba uku. A ce dam ɗinku hekta 10 ne in ya cika, wato murabba'in mita 100,000, zurfinsa a bango mita 4. Ninka ka samu 400,000, raba uku, kusan mita kubik 133,000.

Wanda bai samu auna zurfi ba tukuna yana iya aron ƙa'idar da wani mai bincike, Liebe, da abokan aikinsa suka fitar a 2005, bayan sun auna ƙananan madatsu a arewa maso gabashin Ghana, ƙasar da yanayinta bai yi nisa da namu ba. Ƙa'idar ita ce a ɗaga faɗi, a murabba'in mita, zuwa ƙarfin 1.4367, a ninka da 0.00857. Kalkuletar waya tana yi in ka juya ta a kwance. Hekta 10 za ta ba ka kusan 131,000, hekta 5 kusan 48,000, hekta 2 kusan 13,000. Rigar aro ce, an ɗinka ta a kan kwarin wasu, don haka ka sa ta kafin taka ta fito.

Tsaya ka sake kallon lambobin nan uku, domin a nan ido ke yaudarar mutane. Faɗi ya koma rabi, amma ruwan da ya rage kashi ɗaya cikin uku ne da ɗan ɗori. Faɗi ya koma kashi ɗaya cikin biyar, ruwa ya koma kashi ɗaya cikin goma. Mutum zai tsaya a kan bango a Fabrairu ya ce alhamdulillahi, da sauran rabi, alhali kusan kashi biyu cikin uku sun riga sun tafi.

Da sanda da hoto a hannu kuwa, ba ka bukatar aron komai. Ruwan da ya tafi tsakanin ranaku biyu shi ne matsakaicin faɗin biyun sau saukar da sanda ta nuna. Mu ci gaba da misalinmu. A ce a farkon Disamba hoto ya ba ka hekta 8.6, bayan kwana 30 ya ba ka 7.2, sanda kuma ta sauka santimita 30. Tsakiyarsu hekta 7.9, wato murabba'in mita 79,000, sau mita 0.30, mita kubik 23,700 ke nan, ko 790 a kowace rana. In ka yi haka rani guda cur, daga cika har ƙafewa, ka tara yanka-yankan nan, ka mallaki jadawalin dam ɗinku na kansa. Daga shekara mai zuwa hoto kaɗai ya isa ya gaya maka abin da ya rage.

Wa ke shan ruwan?

Yanzu a raba 790 ɗin nan. Milimita ɗaya a kan hekta ɗaya mita kubik 10 ne. Don sanin abin da rana da iska ke ɗauka, ajiye rabin duro da ruwa a fili kusa da dam, ka rufe da ragar waya saboda awaki da tsuntsaye, ka riƙa auna saukarsa da rula duk safiya. Duro ya fi dam saurin ƙafewa don ƙarfe yana ɗaukar zafi, saboda haka ka ɗauki kamar kashi bakwai cikin goma na abin da ka gani. A ce bayan wannan ragi ka samu milimita 7 a rana. A kan hekta 7.9, mita kubik 553 ke nan ke tashi sama kullum. Saura 237, shi ne na mutane da dabbobi da injina da abin da ke tsiyaya ta ƙasa da jikin bango.

Saniya a lokacin zafi takan sha lita 25 zuwa 40. In ka ɗauki 35, shanu 1,000 mita kubik 35 suke sha a rana. Injin ban-ruwa mai inci biyu kuwa, duba jikinsa, da yawansu an rubuta lita 500 zuwa 600 a minti, wato mita kubik 30 ko fiye a awa. Inji ɗaya a awa ɗaya da 'yan mintoci ya ja abin da garken dubu zai sha a yini. Ban kawo wannan don a tsangwami masu lambu ba, albasa da tumatir da tattasai su ke riƙe gidaje da yawa a rani. Shanu ma suna da tasu ɓarnar, suna dagula ruwa suna rusa gaɓa. Amma na ga an zargi makiyayi da ƙarar da ruwan da rana ce ta sha, kuma abin yana yi mini ciwo.

Hasashe ana yin sa wata-wata, ba da raba jimilla sau ɗaya ba. Kowane wata ka cire na rana a kan faɗin wannan watan, ka cire na masu ja, ka duba sabon faɗi a jadawali, ka shiga wata na gaba. Za ka ga saukar tana ƙara sauri, domin ruwan da ake ja ɗaya ne amma daga akushin da ke ƙara tsukewa. Rabin mitar ƙarshe kada ka lissafa shi, kunun laka ne, ba ya shayuwa kuma a cikinsa dabbobi ke maƙalewa. A misalin nan namu, in komai ya tsaya yadda yake, ruwa zai kai ƙarshen Mayu da ƙyar. In aka ƙara inji biyu kacal, kowanne awa huɗu a rana, zai yanke a tsakiyar Afrilu, kuma ruwan da zai sake cika dam ba ya zuwa sai damina ta kankama.

Damina da shekarun baya

Daga Yuli zuwa Satumba girgije kan rufe sama har wata guda ba ka samu hoto mai kyau ba. A nan Sentinel-1 ke amfani, yana cikin dandalin nan ɗaya. Shi rada ne, yana ratsa girgije dare da rana, ruwan da ke kwance lumui yana fitowa baƙi ƙirin. Hotonsa yana da ƙuraje-ƙuraje, iska mai ƙarfi kan sa ruwa ya yi fari, yashi mai santsi kuma kan yi baƙi. Don sanin ko dam ya kama ruwa ko ya cika, ya wadatar.

Koma baya kuma ka duba tarihi. Sentinel-2 zai kai ka shekarun da suka biyo bayan 2015. Landsat na Amurka ya fi tsufa nesa, sai dai ɗigonsa mita 30 ne, manyan tabkuna ya fi kamawa, kuma daga shi aka haɗa taswirar Global Surface Water mai nuna inda ruwa ya riƙa kwanciya tun 1984. Nemo ranar da dam ɗinku ya ƙafe a kowace shekara. In faɗinsa a Oktoba bai canza ba amma ranar ƙafewa tana matsowa gaba, ko ɗiban ruwa ya ƙaru ko laka ta cike shi. Dubi bakin da rafi ke shigowa: in kore yana cin wurin shekara bayan shekara, yashi ne ke taruwa, lokacin yasa ya yi. Bayan kowace yasa, ko bayan 'yan shekaru, a sake auna zurfi, don tsohon jadawali ya daina faɗin gaskiya.

Kai sakamakon inda zai yi aiki

Kada ka je gaban dattawa da mita kubik. Buga hoto uku a takarda ɗaya, na Oktoba da na Disamba da na makon nan, ka zagaye bakin ruwan da jan biro, a ƙasa ka rubuta magana ɗaya: in aka ci gaba a haka ruwa zai kai mako kaza na wata kaza. Ka ba da tazara, ka ce tsakanin farkon Afrilu da ƙarshensa, domin awonka yana da kuskurensa kuma wanda ya yanke rana ɗaya ta saɓa ba za a ƙara sauraronsa ba.

Fara kai wa Jauro ko dagaci shi kaɗai, shi zai kira Arɗo da shugaban masu lambu da Sarkin Ruwa da masu tanka. A yi zaman a Disamba, kafin a gama dashen rani, lokacin da mai lambu zai iya rage fili ko ya zaɓi amfanin da ke nuna da wuri, a iya raba awannin inji, makiyayi kuma ya tsara inda zai kai wani sashe na garkensa. Wanda bai samu zuwa ba a tura masa saƙon murya ta WhatsApp, da Hausa da Fulatanci.

In batun yasa ko gyaran bango ne, haɗa hotunan shekaru biyar da kwafin littafinka da hoton sandunan, a rubuta takarda da sa hannun dagaci, a kai sashen ayyuka na ƙaramar hukuma da ma'aikatar albarkatun ruwa ta jiha, a kuma kai ofishin shirin ACReSAL na jihar, wanda ke aikin farfaɗo da ƙasa da ruwa a jihohin Arewa. Asalin littafin ya zauna a gari a hannun mutum biyu, kuma duk ranar da tauraro ya wuce a ƙara masa layi ɗaya.